Askin soja a Damargu: abin da ke ƙarƙashin hula

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Bakin Birji, ko ta Tanut, ko ta Belbeji, ya san rumfar wanzamai. Can gefe take, inda hayaniyar dillalan bisashe ba ta cika kaiwa ba: tabarma a shimfiɗe, zabira a buɗe, ƴar ƙwarya da ruwa, ga sabulu, ga aska ana wasa ta a kan fata. Mutum ya zo ya yi sallama, ya tuɓe hula ya ɗora a gwiwa, ya sunkuyar da kai. Kafin a gama labarin farashin hatsi an gama aski, kai ya fita tas kamar ƙwaryar molo. Haka kakanni suka yi, haka iyaye suka tarar.

Yau kuwa, taku kaɗan daga wannan rumfa akwai ɗan shago na kwano, da madubi, da kujerar ƙarfe, da allo a ƙofa an zana kawuna iri-iri. Nan ne wurin kwafer. Samari sun cika benci, kowa riƙe da salula yana nuna hoton kan da yake so. Ba su kaɗai ba ne kuma: a cikin masu jiran layi akwai mushen lakol, da ma'aikacin duwan, da ɗan kasuwa mai shirin tafiya Kano ko Agadas. Abin da akasarinsu ke nema iri ɗaya ne, wato gajeren saisayen nan da ake rage gefe da ƙeya a bar sama da ɗan tsawo, wanda jama'a suka fi sani da askin soja.

Wani zai ce mene ne na ɓata tawada a kan gashi, alhali ga tsadar rayuwa ta sha wa kowa kai. To, sai ya yi lissafi. A ƙidayar jama'a ta 2012, gundumar Tanut da ta Belbeji, wadda aka yanka daga cikinta a 2011, sun haura mutum rabin miliyan. Kusan rabinsu maza ne, kowane namiji kuwa, daga jaririn da aka yi wa askin suna har tsoho mai sanda, sai ya miƙa kansa ga mai aska ko mai inji sau da yawa a shekara. Sana'ar da ke taɓa fatar mutane masu yawa haka, kuma take ciyar da gidaje, ta cancanci a tsaya a dube ta.

Daga ina ya fito?

Askin soja bai fara daga bariki ba. Sunan da Amurkawa suka ba shi na nufin askin matuƙa kwalekwale, saboda ɗaliban manyan jami'o'insu, irin su Harvard da Yale, masu tseren kwalekwale, su ne suka yi fice da shi kafin yaƙin duniya na biyu. Hannuwan mai tuƙi duka biyu suna kan filafili, ba shi da na share gashi daga fuska, don haka sai suka rage shi. Faransawa kuma da nasu makamancinsa, wanda suke kira askin buroshi, don gashin sama yana tsayawa cak kamar bakin buroshi. Yaƙin 1939 zuwa 1945 shi ya yaɗa shi ko'ina, domin rundunoni sun ga cewa gajeren gashi ba ya ɓoye kwarkwata, ba ya hana hular kwano zama, kuma ba ya cin lokaci.

Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne inji. A 1921 wani Ba'amurke mai suna Leo Wahl ya sami takardar mallakar injin aski mai aiki da lantarki, har gobe kuma sunansa na kan injina da yawa da ake gani a shaguna. Kafin wannan inji ya iso ƙasar nan, na hannu aka sani, mai kama da almakashi, wanda in ya dakushe yakan tsige gashi har yaro ya yi hawaye. Waɗanda suka yi lakol a shekarun baya ba su manta da shi ba.

Yayi kuma, kamar yadda aka sani, juyawa yake. A shekarun 1970 samarin birni sun tara suma irin ta Afro, da mataji soke a ciki. A 1984 ɗan tseren Amurka Carl Lewis ya ci lambar zinariya huɗu a wasannin Olimfik na Los Anjalis da kansa a daddale kamar tebur, sai samari suka koma wannan. Daga baya ƴan ƙwallo suka karɓi ragama. Amma duk juyin da aka yi, gajeren saisaye bai taɓa barin kan soja, da jandarma, da ɗan sanda ba, kuma daga gare su mutanen karkara suka fara ganinsa, shi ya sa sunan ya bi su.

Me ya sa ya karɓi Damargu?

Dalili na farko shi ne yanayi. Tanut na nan kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram, a kan hanyar Agadas, a bakin hamada. A watannin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, da hunturu kuwa ƙura ce ke shiga ko'ina. Ruwa kuma, sanin kowa ne, ba abin wasa ba ne a Damargu, inda rijiyoyi ke da zurfi, mata da yara kan yini wajen nemansa. Kan da aka saisaye, moɗa guda ta ishe shi wanki. Mai tarin suma kuwa, ko dai ya ci ruwan gida, ko ya zauna da dauɗa.

Dalili na biyu shi ne rana. Ƙwaryar molo tana da tsabta, amma tana barin fata tsirara. Manomi da makiyayi suna da malafa ko rawani, su ba ruwansu. Ma'aikacin da ke fita daga biro ba hula, ko ɗan kabu-kabu da ke yini a kan babur, ɗan gashin da aka bari a sama kariya ce gare shi.

Na uku shi ne mutunci. Tun da aka buɗe matatar man Soraz a ƙasar Ollelewa a watan Nuwamba na 2011, ga kuma ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji da ke ɗaukar aiki, saurayin Damargu ya koyi cewa mai ɗaukar aiki yakan dubi kai kafin ya dubi takarda. Haka nan ɗan kasuwa a gaban jami'in banki, ko a shingen bincike. Askin soja ba ya jawo tambaya, dattijo ba ya ƙyamarsa, saurayi ba ya jin kunyarsa.

Kowane kai da askinsa

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya zauna a kujera ya ce wa kwafer «rage mini» kawai, sa'an nan ya tashi yana gunaguni. Injin aski yana da ƴan mataji na roba da ake maƙala masa a baki, kowane da lambarsa. Lamba 1 tana barin gashi milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 kusan milimita 10, lamba 4 kuwa milimita 13. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi huɗu zai iya faɗa wa kowane mai aski abin da yake so, ko a Tanut yake, ko a Yamai, ko a Kano.

Mafi sauƙi shi ne saisaye bai ɗaya, a bi kai duka da lamba 1 ko 2. Shi ya fi dacewa da yara ƴan lakol, da matafiyi wanda zai yi makonni bai ga shago ba, domin ko ya tofo, daidai yake tofowa.

Askin soja na ainihi kuwa, gefe da ƙeya lamba 1, sama lamba 3 ko 4, a bar gaban goshi ya ɗan fi tsakiyar kai tsawo. Gwanintar kwafer tana bayyana ne a mahaɗar gefe da sama. In aka ga layi ya fito kamar an kifa kwano an yanke, aikin bai yi ba. Sai gashi ya taso sannu a hankali, ido bai ga inda gajere ya ƙare dogo ya fara ba. Wannan tasowa ita ce samari ke kira degarade, kuma tana iya farawa daga dab da kunne, ko daga tsakiyar gefe, ko daga can sama. Wadda ta fara daga ƙasa ita ta fi kamala ga magidanci.

Askin buroshi, mai sama a daddale, yana son gashi mai ƙarfi da cika, irin wanda yawancin Hausawa da Dagirawa ke da shi. Mai gashi mai laushi, kamar yadda ake samu wurin Buzaye da Fulani da yawa, in ya yi shi kwanciya zai yi. Gara ya bar sama ta ɗan yi tsawo ya taje ta gefe guda. Akwai kuma masu son tsaga a gefe, irin wadda aka san Patrice Lumumba da ita a hotunansa na 1960. Siririyar tsaga guda ɗaya tana ƙara wa ma'aikaci kwarjini. In ta zama biyu ko uku, ko ta koma zanen tauraro, ta bar biro ta koma filin ƙwallo.

Siffar fuska ma tana da magana. Mai zagayayyar fuska da kumatu, a rage masa gefe sosai a bar sama, fuskar za ta ɗan miƙe. Mai doguwar fuska, in aka tara masa sama aka kwashe gefe, sai ya ƙara tsawo. Shi a daidaita masa, kada bambancin ya wuce lamba guda. Mai manyan kunnuwa kada ya yarda a kai masa gefe ga fata. Mai gemu da saje ya sa a haɗa masa su da gashin gefe sannu-sannu, kada a datse a bar gemu yana rataye shi kaɗai.

Ga wanda sanƙo ya fara ziyarta, shawara ɗaya ce: ya sauka ƙasa. Tara gashin gefe don a rufe tsakiya ba ya ɓoye komi, sai ma ya nuna inda aka rasa. Lamba 1 ko'ina ta fi rufin asiri. Furfura kuwa tana kyau a gajeren gashi, ba ta buƙatar baƙin rini. Malaman Malikiyya sun karhanta rina furfura da baƙi, ba su ga laifin lalle ba, likitoci kuma sun san cewa wasu rinin kanti na sa fatar kai ta kumbura ta yi ƙuraje.

Akwai abin da hotunan salula ba sa faɗa, domin masu su ba sa sa hula. Ɗan kasuwan Damargu da ma'aikacin da ke sa babbar riga, kansu a rufe yake yini. Hula tana danne gashin sama, in an cire ta a ga shatinta ya zagaye kai. Saboda haka mai hula kada ya wuce lamba 2 a sama, ya sa hankalinsa ga abin da ke leƙowa, wato ƙeya, da bayan kunne, da saje. Nan jama'a ke gani a sahun salla da wurin ɗaurin aure. Mai naɗa rawani shi ma haka, gajeren gashi ya fi raba shi da zufa da amosani.

Sai maganar gyaran goshi. Kwafer da yawa, don layi ya fito sarai, sukan ɗan ci cikin gashi da reza. Yau kaɗan, jibi kaɗan, kafin shekara goshi ya ja da baya, kuma kwana uku bayan aski sai tsiro ya fito gaban layin ya ɓata shi. Mai hankali yakan ce a bi masa shatin da Allah ya yi masa. Gashi na tofowa kusan santimita guda a wata, don haka askin soja yana riƙe kyansa mako biyu zuwa uku. Wanda ya zaɓe shi ya san ya ɗauki wa aljihunsa alkawari.

Rigimar uba da ɗa

Ba a rasa gidan da aka taɓa tayar da jijiyar wuya a kan aski. Uba ya ga ɗansa ya dawo an kwashe gefe tas har fata, an bar tuli a sama, sai ya aika a kira wanzami. Uban yana da hujja. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a aske wani sashen kan yaro a bar wani. Malamai da yawa na ganin abin da aka hana shi ne askewa har fata a wani wuri da barin wani, amma ragewar da wani sashe ya ɗan fi wani tsawo ba ta shiga ciki ba. A maƙwabta ma batun ya kai ga hukuma, domin a 2020 an ga ƴan Hisba na Kano suna aske wa samari kai a titi.

Amma dattijo ya tuna cewa shi ma an bar masa zanko ko tukku yana yaro. Lokacin da Ronaldo na Barazil ya fito a gasar kofin duniya ta 2002 da kai a aske, sai ɗan gashi a gaban goshi, tsofaffi dariya suka yi, don sun ga abin da suka sani tun fil azal. Samarin Wodabe har yau suna kitsa gashi, suna aske gaban goshi don fuska ta ƙara tsawo a wurin rawa. Ado da gashi ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Maslaha tana nan kusa: yaro ya sami askin sojansa, amma kada gefe ya sauka ƙasa da lamba 1, kada sama ta yi tuli. Da haka uba ya huta, ɗa kuma bai zama abin dariya cikin tsaransa ba.

Inda haɗarin yake

Duk abin da aka faɗa a sama ado ne, in ya ɓaci mako uku sun gyara shi. Abin da ba ya gyaruwa cikin mako uku shi ne cuta. Reza ko aska da ta yanki wani, ta ɗauki ɗigon jinin da ido ba ya gani, tana iya kai wa na bayansa ciwon hanta nau'in B. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta bayyana cewa ƙwayar wannan ciwo tana rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7. Mutum na iya ɗauke da ita shekaru bai sani ba, sai ranar da hanta ta ƙi aiki. Afirka ta Yamma na cikin yankunan da ciwon ya fi yawa a duniya. A Nijar sai a 2008 aka shigar da allurarsa cikin rigakafin jarirai, wato akasarin magidantan da ke zama kujerar kwafer yau ba su samu ta wannan hanya ba. Jama'a sun fi jin tsoron sida, amma ciwon hanta ya fi ta saurin kamu nesa ba kusa ba.

Bakin inji shi ma yana yanka, musamman in an cire masa mataji don gyaran goshi da ƙeya. Shi ne kuma ke yawo da ƙora daga kan yaro zuwa kan yaro, har aji guda ya kamu. Ƙora ba ta jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da maganin sha na makonni, wanda likita ne ke rubuta shi. Sai ƙurajen ƙeya, waɗanda ke addabar maza masu murɗaɗɗen gashi: in ana yawan kankare ƙeya har fata, ga wuyan riga yana gugarta, sai ƙuraje su fito, su taurare, su zama tabo mai tudu wanda gashi ba ya sake fitowa a kansa. Wanda ya ga alamarsu ya daina sa reza a wurin, ya nufi likita tun da wuri.

Rigakafin bai fi ƙarfin kowa ba. Reza sabuwa, a ɓare ta a gaban mai aski, a jefar da ita inda yara ba za su tsinta ba. Bakin inji a kakkaɓe shi da buroshi, a wanke shi da alkol ko ruwan jabel, a ba shi ƴan mintoci kafin a ɗora a wani kai. Fesa turare ba wanki ba ne. Ɗan kasuwan da ke da hali ya sayi injinsa na caji, ya riƙa zuwa da shi, shi da ƴaƴansa. Irin wannan inji ya nuna amfaninsa lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, shaguna da yawa suka koma dogaro da gurup da faifan hasken rana. Ma'aikatan tsabta na ƙananan hukumomi kuwa, da ke zagaya mahauta da masu abinci, babu abin da zai hana su leƙa rumfar aski ranar kasuwa.

Makomar zabira

Saura tambaya guda: ina wanzami zai sa kansa? Aikinsa ya wuce aski. Shi ake kira ranar suna ya aske jariri, shi ke ƙaho, shi ke kaciya a ƙauyukan da ke nesa da likita, kuma har yau akwai Sarkin Aska a fadar sarakuna. Amma askin mako-mako, wanda shi ne cefanen gidansa, yana sulalewa zuwa shagon kwafer. An ce wanzami ba ya son jarfa, sai dai wannan karon gyaran da ake nema a kansa zai fara. Ɗan wanzamin da ya sa injin caji da kwalin reza cikin zabirar ubansa, ya koyi lambobin nan huɗu, ya fi kowane kwafer riba, domin ya gaji amanar gidaje wadda kuɗi ba sa saye, kuma yana iya bin kasuwanni daga Gangara zuwa Tarka ba tare da jiran Nigelec ba. Kwafer shi ma yana da abin koyo wurin tsoho: sauƙin hannu, da haƙuri da yaro mai kuka, da riƙe sirrin abin da ya gani a ƙarƙashin hular mutane.

Mai kai kuwa, nasa bai wuce abu biyu ba. Ya san lambar da yake so kafin ya zauna, kuma ya ga an ɓare reza da idonsa. Kada kunya ta hana shi tambaya, ko da mai askin abokinsa ne tun na yarinta. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma rigakafi ya fi magani.